Ɗan Hausa da Asalin Makarantar Boko

Makarantar elementaren da na yi a Kafanchan ba ta da ƙararrawa ta sosai. Wani guntun ƙarfen dogo ne aka rataye a jikin mangwaro, monita ya riƙa dukansa. Kakana, wanda ya tsufa cikin aikin reluwe, in ya ji ƙarar sai ya yi dariya, don a kunnensa ba ta da bambanci da jiniyar da ke kiransu aiki da sassafe. Na ɗauka ba'a ce irin ta kaka da jika. Sai da na karanta labarin Baturen nan da a ke kira Ɗan Hausa, sa'an nan na gane tsohon da gaskiyarsa. To, tun da ya ke dukanmu a kwalejin nan malanta ce ta tara mu, ya kamata mu san mutumin da ya kafa harsashin aikin.

Sunansa na yanka Hans Vischer. An haife shi a birnin Basel ta ƙasar Suwizalan cikin 1876, ya yi karatu mai zurfi a Kambirij ta Ingila. Aikin mishan ya fara kawo shi ƙasar Hausa a 1901, amma bai daɗe ba ya bari. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. Mutum ne mai ƙarfin hali ƙwarai. A 1906, maimakon ya komo bakin aiki ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya haɗa ayari a Tarabulus, har da alhazai masu komawa gida da 'yantattun bayi, ya ratso Sahara ta Murzuk da Bilma har Barno.

A wannan zamani Gwamnatin Arewa na cikin wata matsala. Ta ci ƙasa mai faɗi, ga haraji za a tara, ga shari'a za a rubuta, ga waya da hanyoyi, amma akawunan da za su riƙe alƙalami sai an ɗauko su daga Ikko, ko Saliyo, ko Gwalkwas, da tsada kuwa. Makarantun allo dubbai ne a ƙasar, sun riga Turawa da ɗaruruwan shekaru, sai dai ba don aikin ofis aka kafa su ba. Gwamnan lokacin, Girouard, injiniyan reluwe ne, shi ya fara aikin dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911. Shi ne ya zaɓi Vischer a 1908 ya tsara ilmi. Ku lura da wannan, jama'a: mai shimfiɗa dogo shi ya ba da umurnin kafa makaranta.

Irin makarantar da Turawa suka sani a gida kuwa ita ma tana da nata asali. Sa'ad da masaƙu da ma'aikatu suka cika biranen Ingila, aka rasa yadda za a yi da 'ya'yan talakawa. A 1798 wani malami, Joseph Lancaster, ya buɗe makaranta a London inda malami guda ke lura da yara ɗaruruwa, an jera su layi layi, manyan yara na koya wa ƙanana. Daga irin wannan tsari muka gaji monita. Dokar ma'aikatu ta 1833 ta tilasta a ba yaran masaƙu karatun sa'a biyu kowace rana. Zuwa a kan lokaci, kiran suna, tsayuwa a layi, tashi da zama da ƙararrawa, duk halaye ne da mai ma'aikata ke so ga ma'aikacinsa.

Vischer bai kwaso wannan duka ya jibge mana ba, a nan kuwa na ke ganin girmansa. Sai da ya zaga Masar da Sudan da Gwalkwas ya duba makarantunsu, kana ya buɗe tasa a Nasarawa, bayan birnin Kano, cikin 1909, zamanin Sarki Abbas. Ya fara da ajin malamai, waɗanda sun riga sun yi karatun Arabiyya, ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su koyar da wasu. Daga baya aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna, da elementare, da makarantar sana'a inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa. Da Hausa a ke karatu, yara na sanye da tufafinsu na gida, malaman addini na nan, ɗakunan kuwa na ƙasa ne. Shi kansa cikin gidan ƙasa ya zauna da matarsa Isabelle, shi ne Gidan Ɗan Hausa da har yanzu a ke kai baƙi su gani. Ya kuma tsara ƙa'idodin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa, watau kakan wannan rubutu da ku ke karantawa.

Amma fa mu duba inda almajiransa suka nufa. Wasu baitulmali, wasu ɗakin shari'a, wasu suka zama malaman taki masu auna gonaki don a yanka haraji, masu sana'a kuma suka shiga aikin gine-ginen En'e. Turanci bai bari a koya ba sai ga 'yan kaɗan. Ya ji tsoron kada yaro ya rabu da iyayensa da al'adarsu, wannan tsoro kuwa ba na banza ba ne. Duk da haka ni dai ina ganin ya gwada wa yaran nan tsawon igiyarsu tun ba su fara tafiya ba. An ba su daidai abin da aikin Gwamnati ke bukata, aka tsaya nan.

Mu nan kudu ma tsarin bai iso mu ba. Don ƙasashen sarakunan Musulmi aka yi shi. Kwoi ta sami 'yan mishan na S.I.M. a 1910, Kagoro daga baya, su ne suka fara koya wa mutanen wuraren nan karatu, da Hausar bokon nan kuwa. Sai ƙarshen shekarun 1920 Gwamnati ta buɗe wurin horon malamai a Toro domin irin ƙasashenmu. Sabo da haka da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, aka fid da reshe zuwa Jos don kwasar kuza, yawancin akawuna da direbobi da makanikai daga Kudu suka zo. 'Yan ƙasa irin kakana diga da shebur suka samu. Abin da ya sa ke nan, duk da dariyarsa, bai taɓa yarda ubana ya yi fashin makaranta ko na kwana ɗaya ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, Vischer ya koma Turai ya shiga aikin soja, bai kuma komo kan kujerarsa ta Kano ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, bayansa aka yi ta. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara a kan ilmin ƙasashen Afirka da ta ke mulki, a 1924 ma ya bi ayarin Phelps-Stokes na Amurka zuwa Afirka ta Gabas, masu ra'ayin a ba baƙar fata ilmin noma da sana'ar hannu. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a London a 1926. Sarkin Ingila ya ba shi lambar Sir a 1941, ya rasu cikin Fabrairu 1945.

Bara na kai ɗalibai gwajin koyarwa wani ƙauye bayan Kagoro. Tashar Kafanchan ta yi shiru in an gwada da dā, jiniyar kakana ta daɗe da mutuwa. Amma ƙarfe bakwai da rabi na cika, sai ga wani yaro ya fito da sanda ya nufi gindin mangwaro, yaran suka sheƙo a guje suka shiga layi.