Nana Asma'u da Gadon Alƙalamin Gidan Fodiyo

Duk lokacin da na ji ana kiran sunan Fodiyo, nakan lura cewa hankalin jama'a ya fi tafiya ga takobi da sarauta. A ganina, babban gadon gidan nan shi ne alƙalami. Kalmar kanta a Fulatanci malami take nufi, kuma laƙabin mahaifin Shehu Usmanu ne. Shehu ya wallafa littattafai masu yawa, ƙaninsa Abdullahi ya yi tafsirin Diya'ut Ta'wil, ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 'yarsa Nana Asma'u. An haife ta a Ɗagel a 1793, tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan karkara ba su da hanyar samun karatu, sai ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, suna kai waƙoƙinta ƙauye-ƙauye suna koyarwa. Allah Ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta.

Jama'a, mun sa wa makarantu sunanta, alhali 'ya'ya mata da yawa a Arewa suna yawon talla. Da wane ido za mu kira kanmu magadanta? Allah Ya jiƙanta, Ya ganar da mu.