Luwi Fastur da Ciwon Haukan Kare

An haifi Luwi Fastur a wani gari wai shi Dol, cikin ƙasar Faransa, a shekarar 1822. Ubansa majemi ne. Sa'ad da Luwi ya ke yaro ba abin da ya fi so kamar zanen hotuna. Da ya girma ya tafi Faris, ya duƙufa kan ilmin kimiyya, har ya nuna wa duniya cewa waɗansu 'yan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani, su ke sa madara ta yi tsami, su ke kuma kawo cututtuka da yawa. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bai bar aiki ba.

Wajen 1880 ya juya ga ciwon haukan kare. Mugun ciwo ne ƙwarai, gama in ya bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Ƙwayoyin da Fastur ya saba da su yakan gan su da madubin likita, ya zuba su cikin romo a kwalba su yi ta yaɗuwa. Wannan kuwa ya duba bai gan ta ba, ya ba ta romo ta ƙi yaɗuwa.

Yanzu mun san dalili. Ƙwayar haukan kare irin wadda a ke kira bairus ce, ta fi waɗancan ƙanƙanta nesa. Jikin mutum da na dabba an gina su da 'yan ɗakuna masu rai, ba su ƙidayuwa, kowanne da aikinsa. Bairus ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Ɗan kwanso ne kurum, da umurni a naɗe cikinsa. Yakan manne a bangon ɗaki, ya kutsa ciki, ya tuɓe kwanson. Sai ɗakin ya bi umurnin baƙon, ya ɗebi kayan aikinsa ya yi ta ƙera sababbin bairus, su kuma su fita su faɗa wa ɗakunan maƙwabta. Romo kuwa ba shi da ɗaki mai rai ko ɗaya.

Fastur bai san duk wannan ba, amma ya lura cutar tana zaune cikin ƙwaƙwalwa da laka. Saboda haka shi da mataimakinsa, Likita Ru, suka riƙa renonta cikin zomaye. In zomo ya mutu su cire lakarsa, su rataye ta cikin kwalba ta bushe. Kowace rana ƙarfin cutar yana raguwa, bayan mako biyu ya kusan ƙarewa. Suka gwada allurar wannan laka a kan karnuka, karnukan suka tsira.

Ran 6 ga Yuli, 1885, wata mata ta kawo masa ɗanta, Josef Maista, mai shekara 9, mahaukacin kare ya ciccije shi kwana biyu da suka wuce. Hankalin Fastur ya tashi. Shi ba likita ba ne, kuma in yaron ya mutu za a ce allurarsa ce ta kashe shi. Abin da ya ba shi ƙarfin zuciya shi ne cutar ba ta da sauri. Daga wurin cizo takan bi jijiya sannu a hankali, sau da yawa sai ta yi makonni kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Watau akwai lokacin da jiki zai koyi yaƙi da ita. Har yau shi ya sa wanda kare ya ciza a ke wanke masa wurin da sabulu, a kai shi asibiti nan da nan.

Likitoci biyu suka duba yaron, suka yarda a gwada. Aka yi masa allura 13, aka fara da lakar da ta fi bushewa, ta ƙarshe kuwa mai ƙarfi ce ƙwarai. Kwanakin nan Fastur bai sami barcin kirki ba. Josef bai kamu da ciwon ba.

Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa Faris har daga Rasha da Amurka. Jama'a suka tara kuɗi aka gina masa gidan bincike, aka buɗe shi a 1888. Fastur ya rasu a 1895, shekaru da yawa kafin a ƙera madubin da ke iya nuna bairus, kabarinsa yana cikin gidan nan. Josef Maista da ya girma ya zama mai gadin gidan.