Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu

Marigayi Tanimu ɗan Sulaimanu, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe gadon Damagaram shekara talatin da ɗoriya, har rasuwarsa a 1884. An fi tuna shi da ganuwar Birni da igwa, amma ƙarfin nan daga sani ya fito. Ya jawo malamai da masu sana'a kusa da fada. Maƙeran Zinder suka ƙware a zubin igwa da haɗa albarushi. Fataken Gadamas da Tarabulus kuwa da wasiƙa da lissafi suke ciniki, don haka mai alƙalami ya sami rabo a ribar fata da gashin jimina. Bayi ma suna cikin hajar, ba a ɓoye wannan. Ta ƙasar Magariya ayari ke gangarawa Kano.