LIKITA MILA: BATUREN MISHAN DA BIRNIN KANO YA ƘI KARƁA

Duk wanda ya bi ta Fagge ya shiga Sabon Garin Kano zai ga coci-coci bila adadin, amma in ya juya ya shiga cikin ganuwa ba zai ga ko ɗaya ba. Wannan tsari yana da asali a cikin siyasar zamanin Turawa, kuma babu wanda tarihinsa ya fi bayyana ta kamar Dokta Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila.

An haifi Miller a Ingila cikin shekarar 1872, ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., watau reshen wa'azi na Cocin Ingila. Shi kansa wannan coci rigimar sarauta ce ta haife shi. Sarki Henry na Takwas ya nemi Paparoma ya raba aurensa don neman magaji namiji, da aka hana shi sai ya sa majalisa ta naɗa shi shugaban cocin ƙasarsa a 1534, daga baya kuma ya ƙwace dukiyar gidajen ibada. Saboda haka tun fil azal cocin da gadon sarauta tafiyarsu ɗaya.

Miller ya fara koyon Hausa a Turabulus wajen fatake da alhazai. A shekarar 1900 ya shiga ayarin Turawa biyar ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka taso daga Ikko, suka iso Kano cikin watan Afrilu. Sarkin Kano Alu ya gana da su, amma ya umurce su su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Sarki yana da hujjarsa. Bai daɗe da fita Yaƙin Basasa ba, sojan Kamfanin Neja sun ci Bida da Ilori a 1897, ga shi kuma a farkon wannan shekara Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa. A ganin fada, waɗannan baƙi 'yan share fage ne. Ayarin ya koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, 'yan mishan sun zaci ƙofa ta buɗe. Amma a watan Maris Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba. Turawan mulki kaɗan ne, ba su da ikon tara haraji ko tsare zaman lafiya sai ta hannun sarakuna, don haka ba su son abin da zai ɓata musu da su. Miller aminin Lugga ne, ya kuwa sami iznin zama cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Gwamnonin da suka biyo baya ba su sake yin irin wannan sassauci ba. Da aka tashi kafa makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, aka danƙa wa aikin.

Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, sai aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Fagge kuwa, tsohon zangon fatake, ta zama mazaunin baƙi Musulmi. A Sabon Gari aka yarda a gina coci. Ta haka addinin da Miller ya so ya shigar cikin birni ya zauna a bayan ganuwa, a tsakanin baƙi.

Shi ma Miller bai tsame hannunsa daga siyasa ba. Ya yi ta sukar mulkin En'e, yana zargin sarakuna da zalunci, kuma ƙararrakin da ya riƙa kaiwa suna cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka kai shi Lakwaja. A 1929 aka fitar da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa ba da son ransa ba. Sai ya koma Kano, ya duƙufa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakke da Hausa a 1932. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Mutanen da ya juyar zuwa addininsa ba su da yawa, amma makarantarsa ta yaye Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Rabon unguwannin da ya tarar kuwa ya daɗe bayansa, domin tarzomar Kano ta watan Mayu na 1953 a tsakanin Fagge da Sabon Gari ta fi tsanani, a shekarar da ta biyo bayan mutuwarsa.