Babban Gwani, maginin da ya adana ibadar sarakuna a jikin bango

Tsakanin 1961 da 1964, masu tonon kayan tarihi daga ƙasar Foland suka gano zane-zanen bango a tsohuwar majami'ar Faras, a arewacin Sudan ta yau. A cikinsu akwai sarakunan Nubiya da manyan limamansu, cikin tufafin alfarma, ƙarƙashin kariyar waliyyai. Ta haka mai mulki a can yake shaida wa na baya cewa shi mai ibada ne. Sarakunan Daular Sakkwato ba su da wannan hanya, domin ba a zana surar mutum a masallaci. Abin da ya rage musu shi ne ginin kansa, kuma a ƙarni na 19 babu wanda ya ƙware a kansa kamar mutumin da laƙabinsa ya danne sunansa, wato Babban Gwani.

Riwayoyi sun kira shi Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. A birnin Zariya ya yi suna, kuma har yau akwai unguwa mai ɗauke da laƙabinsa.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Tubali ne da azara da ƙasar gini, babu ƙarfe, babu siminti. Azara ba ta ɗaukar dogon rufi, takan lanƙwashe idan nauyi ya yi mata yawa. Sai ya riƙa ɗaura gajerun azaru bisa juna, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, har su haɗu a sama su zama bakan gizo, sannan a lulluɓe su da ƙasa. A kan waɗannan bakuna ya ɗora tulluwa. Jikin ginshiƙan kuma ya yi musu ado da layuka masu zurfi, waɗanda ke jan idon masallaci zuwa sama. Babu fuskar Abdulkarimu a ko'ina, amma duk wanda ya shiga ya san sarki ne ya ba da umarni, kuma ya san don me.

Labarin baka ya ce da dare yake aiki, don kada a ga sirrin hannunsa. Wataƙila mutane ne kawai suka kasa yarda cewa ɗan Adam zai iya wannan da rana tsaka.

Sunansa ya kai ƙasar Bauchi. Ana danganta masa wani soro a fadar Sarkin Bauchi, da kuma Gidan Madaki a Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, wanda aka gina wajen 1860. Game da ƙarshensa, riwaya ta ce a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya kammala masallaci, don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi.

Abin da ya biyo baya bai yi wa aikinsa adalci ba. A shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da sabon gini na siminti, tsohon ya zauna a ciki. A watan Agusta na 2023 wani sashe ya rufta lokacin sallar La'asar, aka rasa rayukan masallata. Gidan Madaki kuwa tun 1956 aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa, kulawarsa tana wuyan hukumar tarayya mai lura da gidajen tarihi. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, kuma takardar kuɗin yaɓen ta kan teburorin Abuja take bi.