Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata

Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata shi ne attajirin da ake yi wa kallon wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a lokacin da ya rasu a shekarar 1955.

An haife shi a garin Bebeji da ke ƙasar Kano a shekarar 1877, a zuriyar Agalawa, fatake da suka shahara wajen safarar goro daga Gwanja.

Mahaifinsa, Abdullahi, ya rasu tun yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa kuma ta yi ƙaura zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yanzu, inda ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga sunanta ne laƙabin Ɗantata ya samo asali.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da 'yan saye-saye da sayarwa. Ana cewa Tata ce ta koya masa tara kuɗi a asusu.

Fataucin goro

Yaƙin basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, ya ɗaiɗaita harkokin fatake da dama. Bayan ƙura ta lafa, Alhassan ya bi sawun iyayensa zuwa kasuwannin goro na Kumasi da Ankara.

A wancan zamani ayarin jakuna kan shafe watanni tsakanin Gwanja da Kano, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, goro kuma ba ya jure doguwar tafiya.

Ɗantata yana cikin fataken Hausawa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Hakan ya rage asara, ya kuma ba shi damar juya jarinsa sau da yawa a shekara guda.

Zamanin gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga za a riƙa fitarwa, amma manoma suka raja'a ga gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma abinci ce ko da kasuwa ta faɗi. Masana'antun Turai kuwa suna neman manta ruwa a jallo.

Sai dai kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san manoma ba, don haka suka nemi dillalai 'yan ƙasa. A 1918 Ɗantata ya fara saye wa kamfanin Niger Company gyaɗa, kamfanin da ya narke cikin UAC a 1929.

Tsarin cinikin ya ginu ne a kan bashi da amana. Kamfani ya ba babban dillali kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa da kaka. Idan yaro ya gudu da kuɗi, ko farashi ya karye, asarar tana wuyan dillalin.

Yaran Ɗantata sun bazu a gundumomin ƙasar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Dutse da Ringim na jihar Jigawa ta yanzu. Layin dogon Kano zuwa Nguru, da aka kammala a 1930, ya ƙara buɗe wannan yanki ga masu sayen gyaɗa.

Buhunan da ke jiran jirgin ƙasa su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa.

Hulɗa da banki

Bankin Bank of British West Africa, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank, ya buɗe reshe a Kano. Labarin da ya shahara shi ne Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa da raƙuma 20 suka ɗauko.

Wannan mataki ne babba a lokacin da akasarin attajirai ke ɓoye kuɗi a gida, suna ɗari-ɗari da banki saboda rashin sabo da kuma tsoron kuɗin ruwa.

Bai kuma tsaya ga haja ɗaya ba. Ya ci gaba da cinikin goro, ya shiga na shanu da tufafi da tsakiya, ya mallaki filaye da gidaje. Irin wannan rarraba jari kan zama garkuwa ga ɗan kasuwa idan haja ɗaya ta faɗi, kamar yadda farashin gyaɗa ya yi a farkon shekarun 1930.

Abin da ya bari

A ƙasar Hausa dukiyar attajiri takan watse da zarar an raba gado. Kafin rasuwarsa, Ɗantata ya ja hankalin 'ya'yansa da su ci gaba da aiki tare a ƙarƙashin kamfanin Alhassan Dantata and Sons.

Ya rasu ranar 17 ga watan Agustan 1955, aka binne shi a unguwar Sarari da ke birnin Kano.

'Ya'yansa, irin su Sanusi da ya rasu a 1997 da Aminu da ya rasu a 2025, sun faɗaɗa harkokin gidan. Alhaji Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa.