Dorugu, Yaron da Ya Ga Duniya

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, cikin ƙasar Damagaram. Tun yana ƙarami mayaƙa suka kama shi, bauta ta kai shi Barno, inda wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai yaron ya koma hannun Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim.

Tare suka bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Say, suka ratsa duwatsun Hombori, har suka sauka Tambutu cikin 1853. A hanyar komowa suka yada zango a Kano, sa'an nan a ƙarshen 1854 suka biyo ta Gumel, cikin Jihar Jigawa ta yau, suka nufi Kukawa. Daga can suka keta hamada zuwa Tarabulus, suka isa Ingila cikin 1855.

A Ingila ya zauna wurin J.F. Schön, yana ba shi tatsuniyoyi da labarin birane da kasuwannin da ya gani, shi kuwa yana rubutawa da boko. Wannan ne ƙashin bayan littafin Magana Hausa na 1885. Ya rasu a Kano cikin 1912.

Duk da haka sunan Schön ne a bangon littafin. Ya kamata masu nazarin rubutun zube na Hausa su riƙa ba Dorugu haƙƙinsa.